An ƙidaya mu, amma ba a karanta muna ba



Daga Disamba zuwa Maris akwai wani aiki da ke hana matasa da yawa barci a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa: rubuta rahoton shekara na ƙungiyoyin ONG. Da yawanku ku ne ke yin shi. Wani shi ya bi ƙauyuka da tablet yana cika tambayoyi a Kobo, wata ita ke tsare alƙaluma a Excel har biyun dare, wani kuma aikinshi zaɓen hoton da za a ɗora a bango. In an gama a mai da shi PDF, a tura Burusel ko Janeba, a ce alhamdu lillahi, an rufe shekara.

To amma matar nan da ke bangon rahoton, mai murmushi riƙe da akuya, ta san abin da aka rubuta a ƙarƙashin hotonta? Mai garin da aka ce ƙauyenshi ya “samu juriya”, wa ya taɓa zama ya karanta mishi shafin da ke maganar garinshi, ya ce: ranka ya daɗe, haka ne ko ba haka ba ne?

Matsayinmu a kan wannan magana ɗaya ne. Rahoton tasiri bashi ne, kuma waɗanda aka ƙidaya a cikinshi su ne farkon masu bin wannan bashi. Mai ba da kuɗi yana da haƙƙinshi, ba mu musa ba. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi mishi aski. Amma kuɗin nan da sunan talaka aka roƙo su. Duk rahoton da ba za a iya karantawa da babbar murya a gaban mutanen da yake magana a kansu ba, akwai abin da ke ɓoye a cikinshi.

Ɗauki kowane rahoto ka buɗe. An yi ateliye kaza. An horar da mata kaza. An raba awaki kaza, an kafa fanfo kaza, an yi zaman wayar da kai kaza. Duk gaskiya ne, akwai takardar sa hannu, akwai rasit na otel da na man kat-kat. Sai dai wannan lissafin wahalar da ma'aikata suka sha ne. Tasiri kuwa tambayarshi dabam: me ya sauya a rayuwar mutum, wanda da ba don wannan aiki ba da bai sauya ba?

Manomi ya san bambancin nan tun kafin a ƙirƙiro kalmar. Ba wanda ke zuwa gaban surukinshi ya ce na yi kwana arba'in ina noma. Abin da ake tambaya shi ne dami nawa ka samu, kuma bayanta akwai wadda ta fi ta zafi: hatsin ya kai ka wane wata? In rumbu ya ƙare tun kafin ruwan farko, yawan kwanakin noma ba ya ciyar da kowa. To awakin da aka raba, nawa ke raye bayan shekara biyu? Nawa aka kai kasuwa da bazara don a sayi tiyar hatsi? Fanfon yana ba da ruwa yau, ko yara ne ke lilo a hannunshi? Binciken da aka yi kan fanfunan tuƙa-tuƙa a Afirka kudu da Sahara ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu ba ya aiki a duk lokacin da aka duba. Kowane mataccen fanfo a cikinsu, akwai rahoton da ya taɓa saka shi a layin nasara.

Kada a ce masu ba da kuɗi ba su san haka ba. Teburin nan da kuke kira cadre logique, wanda aka tsara wa hukumar USAID ta Amurka a 1969, shi kanshi ya raba aikin da aka yi da sauyin da ake nema. Ƙungiyar OCDE ta fitar da ma'aunan tantance ayyukan taimako tun 1991, ta sabunta su a 2019, kuma tasiri da ɗorewa suna ciki. A takarda komai ya ji. Inda gizo ke saƙa shi ne lokaci. Proje na shekara biyu ne ko uku, rahoton ƙarshe kuma ƴan watanni bayan rufewa ake neman shi, fentin allo bai ko dushe ba. Daga nan kwantiragi ta ƙare, ma'aikata sun watse, mota ta koma wani proje, kuma ba a ware ko dala ba don wani ya koma ya duba.

Tarihin itatuwan Maraɗi ya ishe mu darasi. Bayan farin shekarun 1970 an zuba kuɗi wajen dashen itace: wurin raino, leda, ban ruwa, shinge. Rahotanni na ƙidayar dashen da aka kafa, dashen kuma mafi yawanshi na mutuwa. Rana ta ƙone wani, awaki su cinye wani, rairayi ya binne saura. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da ƙungiyar SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sarewa lokacin sassabe kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. In ka bar reshe ɗaya ko biyu ka datse saura, itace zai tashi. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa abin da rabon abinci: ka bar itace a gonarka, ka samu hatsi. Manoma suka bari. Da rabon ya tsaya, aka sare mafi yawansu.

Ku duba fa. Da an rubuta rahoto a shekarar rabon abinci, da an ce gagarumar nasara. Da an rubuta shi bayan shekara biyu, da an ce aikin banza. Duka biyun da ba su faɗi daidai ba. Waɗanda suka bar nasu itatuwan sun samu itacen girki a kusa, sun ga gero ya fi kyau a gindin gawo, maƙwabci ya gani ya kwaikwaya, abin ya bi ƙauye zuwa ƙauye ba mota ba perdiyem. Sai bayan shekara ashirin, a tsakiyar shekarun 2000, da masu bincike irin su Mahamane Larwanou ɗan ƙasar nan, da Chris Reij da Gray Tappan, suka gwada tsoffin hotunan sama da sababbi, suka kuma taka ƙasa a wurare irin su Magarya, Matameye da Mirya, aka gane girman abin: kimanin hekta miliyan 5, itatuwa kusan miliyan 200, mafi yawa a jahohin Maraɗi da Damagaram. Shekara da shekaru wannan sauyi na gudana ba ya cikin teburin kowa, don ba wanda ya sayi dashe balle a samu rasit.

Akwai darasi na biyu a nan. A ɓangaren Damagaram mafi yawan wannan aiki manoma ne suka yi da kansu. Amma rahotanninmu kalmar da suka fi so ita ce “albarkacin wannan proje”. Damina ta yi kyau, albarkacin proje. Ɗan gida ya turo kuɗi daga Libiya ko Kano, abinci ya ƙaru, albarkacin proje. In kuwa damina ta ɓaci, sai a ce sauyin yanayi. Wanda ke karɓar yabon ruwan sama, ya shirya karɓar laifin fari.

Sai maganar masu cin gajiya. Mace ɗaya ta halarci horo uku, ta zama mata uku a tebur. An ba mai gida buhu, aka ninka da bakwai, don an ɗauka kowane gida mutum bakwai ne. An saka sanarwa a rediyon karkara, sai duk wanda ke zaune inda muryar rediyon ke kaiwa ya shiga lissafin “waɗanda saƙo ya isa gare su”. In ƙungiya uku na aiki a komin ɗaya, kowace ta ƙidaya mutanen nan dai, ka tara alƙaluman sai ka tarar an taimaki jama'a fiye da waɗanda Allah ya halitta a garin. Ba wanda ya yi ƙarya ƙiri-ƙiri. An dai bar mai karatu ya fahimci abin da ba shi ne ba.

Kuma kada mu ɗauka mutanen ƙauye ba su gane wasan ba. Masu bincike na cibiyar LASDEL a Yamai, su Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun daɗe suna nuna tazarar da ke tsakanin abin da proje ya rubuta da abin da ke faruwa in mota ta juya baya. A binciken da suka yi kan rabon kuɗin tallafi, sun tarar a wasu ƙauyuka, bayan ma'aikata sun tafi, akan tattara kuɗin a sake raba su bisa tsarin gari, kuma matar da aka rubuta sunanta sau da yawa miƙa wa mai gida take yi. Mutanen suna da tasu fahimtar adalci, kuma abu ne da ya kamata mai tsara aiki ya sani. A rahoto kuwa an rubuta “mata mafi rauni sun karɓa”, an wuce. Mai tambaya ya sauko daga motar ƙungiya, da hular ƙungiya a kai, ya ce: Inna, kin ji daɗin taimakon? Me kake so ta ce? “Mun gode ɗana, Allah shi saka, a ƙaro muna.” Shi ke nan an samu kashi casa'in da ɗoriya na “gamsuwa”.

Ana iya yin abin kirki, kuma a ƙasar nan aka yi. A 2005 ƙungiyar MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jahar Maraɗi, da Plumpy'nut ɗin nan da uwaye ke kira biskit. A fannin tamowa ba a tsayawa ga “yara kaza muka karɓa”. Ƙa'idar Sphere, wadda ƙungiyoyin agaji ke bi, ta ce sai ka faɗi inda kowane yaro ya ƙare: waɗanda suka warke su haura 75 cikin 100, waɗanda suka rasu su gaza 10, waɗanda aka daina kawowa su gaza 15. Wato teburin kanshi yana da gurbin mutuwa da gurbin waɗanda suka ɓace, ba ka da inda za ka ɓoye su. To me zai hana rahoton koyar da ɗinki ya samu gurbin waɗanda suka sayar da keken? Me zai hana rahoton lakwal ya samu gurbin ƴan matan da aka rubuta a Oktoba, zuwa Maris babu su a aji?

A jahar Tawa kuma, a 2010, bayan daminar da ta ɓaci a 2009, ƙungiyar Concern ta raba kuɗi wata biyar a ƙauyuka 96, ta kuma yarda masu bincike, su Jenny Aker, su gwada hanyoyin rabon. Aka yi ƙuri'a: wasu ƙauyuka kuɗi a hannu, wasu ta Zap na kamfanin Zain, wasu kuma kuɗi a hannu tare da kyautar waya, don a rarrabe ko wayar ce ke kawo bambanci ko hanyar turawa. Aka tarar gidajen Zap sun fi cin abinci iri-iri, yaransu sun fi samun ci a yini, kuma cikin dalilai akwai cewa matan ba su ɓata lokaci a hanya da bin layi ba. An san haka ne don akwai da wa aka gwada. Ba kowace ƙungiya ke da kuɗin irin wannan bincike ba, mun sani. Amma rubuta yadda abu yake kafin ka fara, da leƙa ƙauyen maƙwabta da ba ka shiga ba, wannan kaye da bik ne da man moto.

Ga kuma Mata Masu Dubara, asusun da CARE ta fara a jahar Maraɗi a 1991. Abin da ya tabbatar da shi shi ne mata sun ci gaba da zubi bayan ma'aikaci ya daina zuwa, wasu ma suka kafa nasu ba wanda ya aiko su, har tsarin ya tsallaka ƙasashe da dama. Awon da ya fi wuyar yi wa kwalliya ke nan: me ke tafiya in babu mota a bakin gari?

Mun san abin da wasunku za su ce, don a fada ma ana faɗin shi in shayi ya yi zafi. “Kai, kana magana kamar ba ka san gari ba. In na rubuta rabin awakin sun mutu, bayer ya rufe fanfo, mu duka a biro mu koma zaman kashe wando. Kai za ka biya min haya?” Wannan tsoro na gaske ne, ba za mu raina shi ba. Aiki ya yi wuya, mai difloma na tuƙa kabu-kabu, kuma ƙaramin ma'aikaci ba shi ke da ta cewa a kan shafin ƙarshe ba. Akwai ma masu ba da kuɗin da su ne ke koya wa ƙungiyoyi kwalliya, don su ma suna da majalisar da za su nuna wa hoto a can gida.

Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne. Alƙalamin da ka kumbura bana, shi za a ce ka wuce baɗi, har ranar da wani mai tantancewa zai sauka a ƙauyen ya nemi awakin. Sannan wa ke biyan kuɗin shirun? In awakin sun mutu don an kawo irin da bai saba da wurin ba, ko an raba su da bazara babu harawa, ko ba a yi musu rigakafi ba, kuma ba a rubuta ba, baɗi wata ƙungiya za ta maimaita shi a ƙauyen gaba. Matar da ta sayar da tabarmarta ta sayi dusa ita ta biya. Ƙungiyar Injiniyoyi Marasa Iyaka ta Kanada ta fara buga rahoton abubuwan da suka gaza a hannunta tun 2008, kuma hakan bai kashe ta ba. Mai ba da kuɗin da ya san aikinshi ya san babu gonar da ba ta da ƙeƙasasshen wuri. Rahoton da komai a cikinshi ɗari bisa ɗari ne, shi ya fi sa shi zargi.

Akwai tsoro na biyu: cewa faɗin gazawa tamkar miƙa wuƙa ne ga masu son rufe ƙungiyoyi. Mu dubi lokacin da muke ciki. A Nuwamban 2024 hukumomi sun janye izinin aikin Acted da na APBE. A Fabrairun 2025 aka ce wa CICR ta tattara nata. A can waje kuma, gwamnatin Amurka ta dakatar da taimako a Janairun 2025, zuwa Yuli an rufe USAID. Kowa na da ra'ayinshi a kan waɗannan matakai. Abin da ba a musu a kai shi ne ƙofa na ƙunci ta ciki, fanfo na ƙafewa ta waje. A irin wannan rana, ƙungiyar da shaidarta ɗaya ita ce PDF na Faransanci a kwamfutar wani a Turai, wa zai tsaya mata? A tasha da majalisun shayi maganar da ke yawo ita ce “ƴan ONG ai cin kuɗi kawai suka sani”. Akwai masu gaskiya da yawa a aikin nan, masu kwana a daji, masu barin iyali wata da watanni, kuma wannan magana tana cutar da su. Amma ba za a kashe ta da hoto ba. Mai garin da ya san nawa aka kawo, nawa aka kashe, me ya yi me bai yi ba, shi ne kaɗai zai iya cewa: a'a, waɗannan mun san su.

Ajiye rahoto a ma'aikatar da doka ta ce wajibi ne, a yi shi a kan kari. Sai dai shi ma sama yake tafiya. Kuma awon da muke riƙe da shi ba na ONG kaɗai ba ne. Duk wanda ya tara kuɗi da sunan jama'a, hukuma ce ko komin ko ƙungiyar unguwa, da tiya ɗaya za a auna shi. Tun 2011 ƙasar nan na da dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanan hukuma. Saura mu koyi amfani da ita.

Ga ƙungiyoyinmu na cikin gida akwai wani dalili na daban. A taron agaji na duniya a Istanbul a 2016, manyan masu ba da kuɗi sun yi alkawarin kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa isa hannun ƙungiyoyin gida zuwa 2020. Ba a cika ba. Hujjar da aka fi kawowa ita ce wai ba mu iya lissafi da rahoto ba. Amsar wannan raini ita ce rahoton da ya fi nasu gaskiya, tunda mu ne ke jin harshen, mu ne ke iya komawa ƙauyen ranar kasuwa ba tare da takardar izinin tafiya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo.

Don haka ga abin da muke nema, kuma babu wanda ya fi ƙarfin ƙaramar ƙungiya.

Na farko, kafin a tura rahoto waje, a koma a karanta shi inda aka yi aikin, da harshen mutanen: Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak, Barbarci, duk wanda ake ji a wurin. Tun Maris 2025 kundin ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma rahoton da ke maganar Bahaushiyar Tasawa har yau da Faransanci ko Ingilishi kaɗai yake fita. Mata su samu nasu zama dabam, don mun san wa ke magana in an haɗa. Abin da mutane suka musa, a rubuta shi a saka cikin rahoton yadda suka faɗa.

Na biyu, kuɗi a fili, kuma da sefa. Nawa aka karɓa, nawa ya isa ƙauye, nawa ya tafi albashi, mota da ateliye. Albashi ba abin kunya ba ne, ba a aiki da iska. Ɓoye shi ne ke haifar da zato. A liƙa shafi ɗaya a ƙofar komin, a karanta shi a rediyon karkara, a yi saƙon murya na minti uku a tura a WhatsApp don wanda bai yi lakwal ba.

Na uku, mutum ɗaya ƙidaya ɗaya. A raba wanda ya karɓi abu a hannunshi da wanda aka ƙiyasta. In an ninka da bakwai, a ce an ninka da bakwai.

Na huɗu, kowane rahoto ya samu shafin abin da bai yi ba, da dalili, da abin da za a sauya. Ba a ƙarshen shafi na sittin ba, inda ba mai kaiwa.

Na biyar, a ware kuɗin komawa bayan shekara biyu tun ranar da ake rubuta takardar neman kuɗi. Ga ɗalibai nan a jami'o'in Abdou Moumouni, Dan Dicko Dankoulodo, André Salifou da Djibo Hamani suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. A buɗe musu takardu, su je su ƙidaya fanfunan da ke aiki. Su ba su da kujerar da za su kare.

Na shida, hoto da izini. A gaya wa uwa inda hoton ɗanta zai je da abin da za a rubuta a ƙasanshi, kuma ta san ƙin yarda ba zai hana ta buhu ba. Nijar na da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Yaron da aka ɗauka yau haƙarƙari a waje, gobe saurayi ne mai waya a hannu.

Ku kuma ƙannenmu da abokanmu da ke riƙe da alƙalamin, ba mu ce ku je ku yi faɗa da shugaba a kore ku ba. Akwai abin da ke hannunku. Duk alƙalamin da kuka rubuta, ku sa “cikin nawa” da “a wane wata”. Ku raba “sun ce” da “mun gani”. Ku adana abin da aka faɗa muku a ƙauye yadda aka faɗe shi, har wanda ba ya da daɗi. In an ce ku ƙirƙiro maganar wata mata da ba ta faɗa ba don shafi ya yi kyau, ku ce bari in kira ta a waya mu ji. Wanda ya saba da gyara alƙalami yana ɗan shekara ashirin da biyar, ranar da ya zama darakta ko minista ba zai tuna yadda ake dainawa ba.

Sauran masu karatu kuma ga aikin wannan sati. A unguwarku ko a ƙauyenku akwai allon proje, mai tutoci da tambari, wataƙila ya fara tsatsa. Ku je ku karanta abin da aka ce za a yi da shekarar da aka rubuta. Ku duba abin da ke wurin yau. Ku tambayi mutum uku na kusa, ɗaya a cikinsu mace, ko an taɓa dawowa an faɗa musu yadda aikin ya ƙare. Ku rubuto abin da kuka gani da idonku, ba zagi, ba ƙazafi, ba sunan kowa. In fanfon na ba da ruwa, ku faɗa da ƙarfi, masu shi sun cancanci a sani. In ya mutu, ku faɗi tun yaushe.